Yadda na cire fankar inji na sa ta lantarki a tsohuwar a-kori-kurata

Motata Toyota Hilux ce tsohuwa mai injin 22R na fetur, da ita nake ɗauko hatsi daga Dawanau in shigo gari. A kan titi mai tsawo ba ta taɓa ba ni matsala ba, amma da zarar na faɗa cunkoso a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai in ga allurar zafin inji ta fara hawa. Dalilin a fili yake. Fankar ainihi a jikin famfon ruwa take, fambel ke juya ta, saboda haka gudunta gudun inji ne. A lokacin da mota ke tsaye, babu iskar hanya, a lokacin ne kuma fankar ta fi sanyin jiki. Ta lantarki ba ruwanta da gudun inji, zafin ruwa take bi.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbata fankar ce matsalar. Ta Hilux tana da kulocinta mai wani mai kauri a ciki. Idan inji ya yi zafi, kashe shi, ka tura fiffiken da hannu. In ya yi ta juyawa sakaka, ko ka ga mai ya tsattsafo a tsakiya, kulocin ya mutu, kuma canja shi ya fi wannan aikin sauƙi da arha. Ka duba lagireto ma, domin wanda ya toshe da tsatsa babu fankar da za ta cece shi. Gaskiya kuma, mai jan kaya masu nauyi a hawan tudu kullum, lafiyayyiyar fankar inji ta fi masa jan iska. Wannan canji na mu masu yini a cikin gari ne.

Awo shi ne farko. Ɗauki tef ka auna faɗi da tsayin saƙar lagireto, sannan ka auna ratar da ke tsakaninsa da hancin famfon ruwa. Wannan ratar ita ke ba mutane kunya. Da awon a takarda na tafi Ƙofar Ruwa, na zaɓo fanka tagwaye ta wata ƙaramar mota, da murfinta na roba a haɗe. Na fi son tagwaye saboda hancin famfon yana shiga tsakanin injinan lantarkin fankokin biyu ba tare da ya taɓa su ba. Kada ka yarda a sayar maka da fanka tsirara. Murfin ne ke tilasta iska ta bi ta dukkan saƙar, in babu shi da'irar fiffiken kaɗai ke yin sanyi. Ka sa a jona ta da batir a gabanka, ka saurara ko tana ƙara, ka girgiza fiffiken ka ji ko yana lilo.

Sai sauran kaya: rile biyu (suwic ne da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babbar wuta), fiyus biyu masu amfa 30 da gidajensu, waya mai kaurin milimita 4 ta jan ƙarfe zalla, suwic ɗin zafi, da ɗan guntun bututun ƙarfe mai zare da za a ɗaura shi a ciki.

Ranar aiki ka bar inji ya huce sarai, ka cire kan batir na nagatif, ka tsiyaye ruwan lagireto. Noti huɗu ke riƙe da fankar, ka sassauta su tun fambel na ɗaure don kada fulin ya riƙa bin sifana. A nan ne ake kuskure mai tsada: waɗannan notin su ne kuma ke riƙe da fulin famfon ruwa. Bayan ka zare fanka dole ka mayar da su ka ɗaure tamau, da washa a ƙarƙashi in zaren ya yi tsawo. Tsohuwar fankar kada ka yar, tawa tana bayan kujera a cikin buhu.

Sabuwar a bayan lagireto za ta zauna, ta gefen inji, tana zuƙo iska daga waje. Ta gaba tana tare iskar hanya. Mai walda ya lanƙwasa mini ƙarafa huɗu, muka ɗaure su a gefen firam ɗin lagireto, da roba a tsakani. Wani ya ba ni shawarar in zura igiyar roba ta cikin saƙar in ɗaure, na ƙi. Hanyar ƙauye mai gargada za ta sa igiyar ta yi ta cin bututun har ya ɓule. Inda murfi bai manne da lagireto ba, na cike da soso.

Yanzu wayarin, wanda shi ne rabin aikin ko fiye. Daga fozitif ɗin batir waya mai kauri ta fito, fiyus a kusa da batir sosai, ta shiga ƙafar rile mai lamba 30. Daga 87 ta tafi fanka. Ɗaya wayar fankar a ɗaure ta a jikin mota, wurin da aka kankare fenti har ƙarfe ya fito. Ƙafa ta 86 tana karɓar wuta daga layin da ke zuwa in an murɗa makulli, ta 85 kuma tana bi ta suwic ɗin zafi zuwa jikin mota. Kowace fanka da nata rile da nata fiyus, ta yadda in ɗaya ta mutu a hanya ɗayar za ta kai ka gida.

Mai wayarin da ya taimake ni cewa ya yi, "Alhaji, mu ba ta wuta kai tsaye mana, kowa haka yake yi." Na ce a'a, kuma ina roƙonka kai ma ka ce a'a. Fanka ɗaya tana iya jan amfa 10 zuwa 20, lokacin tashi ma ta fi haka, alhali altanetar tsofaffin motocin nan ƙarama ce. Ka kunna fitilu da dare fanka biyu suna ta gudu, batir ne zai biya. Haka nan kada ka bi masu cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya ɗau zafi, su yar: injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai, yana kuma saurin cinyewa. In altanetarka ba ta wuce amfa 40 ko 50 ba, ka nemi babba tun yanzu.

Suwic ɗin zafi na sa shi a tiyon sama, na yanka tiyon na saka bututun a tsakani da kilif biyu. Lambobin da ke jikinsa ka karanta su tare da na tamostat. Nawa tamostat yana buɗewa a digiri 82, suwic ɗin kuma yana kunnawa a 92 ya kashe a 87, sun dace. Da a ce tamostat ɗin na 88 ne, ruwa ba zai sauko 87 ba, fanka in ta tashi ba za ta ƙara tsayawa ba, sai a nemi suwic mai lamba sama da haka. Na kuma ƙara ɗan maɓalli kusa da sitiyari wanda ke haɗa 85 da jikin mota, don ranar da suwic ya ƙi aiki.

Cika ruwa, bar murfin lagireto a buɗe, tada inji har kumfar iska ta gama fita, sannan ka rufe. Ka tsaya kana kallon allura, hannunka da bakin rigarka nesa da fiffike, domin wannan fankar ba ta sallama kafin ta tashi. In ta tashi, kai takarda gaban lagireto. Ta manne, iska na tafiya daidai. Ta ture ta, an juya wayoyin. Jira ka ga ta kashe kanta, ta sake tashi, ka taɓa wayoyi da gidan fiyus ka ji ko sun ɗau zafi. Bayan mako guda ka sake bin notin fuli da na ƙarafan nan huɗu da sifana, nawa biyu na samu sun saki.