Darasi Na Shida: Kazata Ta Canza Yadda Take Yin Ƙwai

Sau da yawa uwargida takan ce, "Kazar nan ta daina saka, gara a kai ta kasuwa." Wata kuma ta ce tata ƙwai biyu ta yi rana ɗaya, ko lafiya? Kafin a sayar ko a tsorata, a fara sanin yadda jikin kaza yake aiki.

Ƙwai ɗaya yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikinta, kuma yin ɓawo ne yake cinye mafi yawan lokacin. Shi ya sa idan ta saka yau da hantsi, gobe sai ta ɗan makara, jibi ta ƙara makara, har wata rana ta tsallake. Wannan tsallaken ba ciwo ba ne. Ba ta kuma bukatar zakara kafin ta yi ƙwai. Aikinsa shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Kazar Hausa takan jera ƙwai 10 zuwa 15, sannan ta shiga kwanci na kwana 21, ta yi makonni tana yawo da 'yan tsaki. Duk wannan lokacin ba za ta saka ba. A shekara ƙwanta bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Kajin gona, irin su Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Zariya ta samar, sukan haura 250 idan sun sami kulawa. Rashin adalci ne a auna kazar tsakar gida da su.

To, ƙwai biyu a rana fa? Yana faruwa, amma ba kullum ba, kuma galibi ga budurwar kaza wadda ta fara saka, jikinta bai daidaita ba. Ku taɓa na biyun: sau da yawa ɓawonsa laushi ne kamar leda. Irinta ce kuma take yin ƙato mai gwaiduwa biyu. A soya shi, kada a sa a kwanci. Idan kullum biyu kuke tararwa a gurbi, ku tsaya ku lura, kaji biyu ne suke saka a wuri ɗaya.

Raguwar ƙwai ita ce ta fi bukatar lura, don a nan asara take. Ku fara da ruwa. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, kuma a zafin bazara za ku ga kaza ta buɗe baki tana haki, fukafukai a sake, ba ta son ci. Kaskon da ya bushe tun azahar ya isa ya tsayar da ita. A ajiye shi a inuwa, a sake ruwan safe da yamma. Sai abinci: dusa kaɗai tana cika ciki, amma ba ta gina ƙwai. A haɗa mata da tsakin dawa ko masara, garin ƙuli-ƙuli, da gara in an samu. Domin ɓawo ya yi ƙarfi, a ƙona ƙashi ko ɓawon ƙwai, a daka lukui, a barbaɗa.

Kaza mai zubar da gashi takan huta har sabo ya fito. Tsohuwa ma ƙwanta raguwa yake yi. Da dare a haska ƙarƙashin fiffike da lungunan akurki, ko akwai ƙuma. Wani lokaci kuma tana sakawa, wuri ta sake: idan kun ji kyarkyara, ku bi ta bayan rumbu. Gafiya da maciji ma ɓarayin ƙwai ne.

Abin da ba a jira da shi: kaji da yawa su daina saka lokaci ɗaya, ga zawo kore, ga wuya yana murɗewa, musamman da hunturu. A ware marasa lafiya, a nemi malamin dabbobi a ranar. Allurar rigakafin wannan annoba, wato cutar Newcastle, akwai ta, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta.

Aikin gida: ku ja layi a littafinku, ku rubuta kwanakin wata daga 1 zuwa 30. Ku zaɓi kaza ɗaya. Ranar da ta saka, ku rubuta lokacin. Ranar da ba ta saka ba, ku rubuta 0. Ƙarshen wata ku haɗa jimla, ku kawo aji mu karanta tare.