Babi na 6: Gane Irin Madubi da Ingancinsa a Na'urar Hangen Taurari

Na'urorin da ake kallon sararin sama da su iri biyu ne manya. Akwai wadda ke tattara haske da gilashi a bakin bututu, akwai kuma wadda ke tattara shi da madubi mai loko da aka kwantar a gindin bututun. Wannan babi a kan ta biyun yake, wadda Isaac Newton ya ƙera ta farko mai aiki a Ingila a shekarar 1668, da madubin gamin jan ƙarfe da kuza wanda faɗinsa bai kai inci biyu ba. Haske yana shiga ta buɗaɗɗen baki, ya sauka kan babban madubi, ya dawo yana tsukewa, sai wani ƙaramin madubi da aka karkata kusa da baki ya tare shi ya tura shi gefe zuwa gilashin ido, wato ɗan gilashin da mai kallo ke ɗora idonsa a kai. Duk abin da mai kallo zai gani daga babban madubin nan ya fito, kuma gilashin ido, komai kyansa, ba ya gyara abin da madubi ya ɓata.

Loko iri biyu

Idan aka ɗora faifan gilashi a kan wani, aka zuba garin gogewa a tsakaninsu, aka yi ta murzawa, lokon da zai fito da kansa shi ne mai siffar ɓarin ƙwallo. Shi ya fi sauƙin yi, shi ya sa ya yawaita a ƙananan na'urori. Aibinsa ɗaya ne: hasken da ya sauka a gefen madubin yana haɗuwa kusa, wanda ya sauka a tsakiya kuwa sai ya ɗan ƙara gaba kafin ya haɗu, don haka babu wuri guda da dukkan hasken ke taruwa. Mai kallo zai yi ta murɗa saiti, wato maɓallin da ke matsar da gilashin ido, gaba da baya yana neman inda tauraro zai zama ɗigo tsaf, ba zai samu ba. Maganin wannan shi ne a ƙara wa tsakiyar madubin zurfi kaɗan har ya koma siffar da masana lissafi ke kira farabola, wadda ke tara hasken tauraro duka a matattara ɗaya.

Bambancin da ke tsakanin siffofin biyu ido ba ya ganinsa, yatsa ba ya jinsa. Ana auna shi ne da zangon haske, wato tsawon igiyar haske guda, kuma zangon koren haske kusan kashi ɗaya ne idan aka raba milimita gida dubu biyu. Ƙa'idar da masu ƙera madubi suka daɗe suna bi, wadda ake dangantawa da masanin nan na Ingila Rayleigh, ita ce kuskuren da ke cikin hasken da ya iso matattara kada ya wuce rubu'in zango. Wanda ke ganin wannan tsanani ya yi yawa, ya tuna da na'urar Hubble da Amurka ta harba a 1990. Madubinta mai faɗin mita 2.4 an goge gefensa ya baje fiye da kima da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba, amma hotunanta suka riƙa fitowa dishi-dishi, har sai da 'yan sama jannati suka je suka saka mata gilasan gyara a Disambar 1993.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk madubi mai lokon ƙwallo abin yarwa ne. Abin da ke yanke hukunci shi ne lissafi mai sauƙi wanda kowa zai iya yi da biro. A jikin bututu akan rubuta lambobi biyu: faɗin madubi, da nisan da ke tsakaninsa da matattarar haskensa, duka da milimita. A raba na biyun da na farkon. Madubi mai faɗin 114 da nisan 900 yana ba da kusan 8, ana rubuta shi f/8, kuma a wannan awon lokon bai yi zurfi ba, kuskuren ƙwallo bai kai rubu'in zango ba, na'urar za ta yi aiki sumul ko da ba farabola ba ce. Mai faɗin 150 a f/8 yana kan iyaka. Amma mai faɗin 130 da nisan 650, wato f/5, idan lokon ƙwallo ne, kuskurensa ya kusa zango guda cur, ninki huɗu na abin da aka yarda da shi ke nan. Ashe gwargwadon faɗin madubi da gajartar nisansa, gwargwadon buƙatarsa ta zama farabola. Idan takardar na'ura mai f/5 ta yi shiru ba ta ambaci siffar madubinta ba, a ganina shirun nan ma magana ce, domin wanda ya sha wahalar yin farabola ba ya mantawa ya faɗa.

Akwai wata dabara da ya kamata a sani. Wani lokaci za a ga an rubuta nisan 1000 a jikin bututun da tsawonsa bai fi rabin mita ba. A na'ura irin ta Newton, tsawon bututu yakan yi kusan daidai da nisan matattara, saboda haka a ɗauko abin awo a gwada. Idan lambobin sun saɓa haka, a cire gilashin ido a leƙa cikin ɗan bututun da ake zura shi, sau da yawa za a tarar da wani ƙaramin gilashi a maƙale a can ƙasa. Wannan tsari, da ake kira Bird-Jones, madubi ne mai lokon ƙwallo da gilashin da ke ƙoƙarin rufa masa asiri, kuma a na'urori masu araha ba kasafai yake yin nasara ba, ga shi da wuyar daidaitawa.

Gwajin tauraro

Masu ƙera madubi suna da gwaje-gwajensu na cikin ɗaki, kamar na kaifin wuƙa da Léon Foucault na Faransa ya fito da shi a 1858, da na zane-zanen layi na Vasco Ronchi ɗan Italiya. Waɗannan suna buƙatar a ciro madubi daga bututu. Mai na'ura kuwa yana da gwajin da ba ya buƙatar komai sai tauraro guda da haƙuri.

Sai dai kafin a tuhumi madubi, dole a sallami waɗanda suka fi shi yawan laifi. Na farko zafi ne. Madubin da aka fito da shi daga ɗaki yana fitar da ɗumi, iskar da ke kansa tana rawa, siffarsa ma ba ta zauna ba, don haka a ajiye na'urar a waje rabin awa zuwa awa guda, babba ma fiye da haka. Na biyu rashin daidaituwar maduban nan biyu, wanda ake gyarawa da sukurori uku da ke bayan babban madubin. Na uku iskar sama: daren da taurari ke ta ƙyaftawa da ƙarfi ba daren gwaji ba ne. Madubai masu kyau da yawa sun sha zargi a banza saboda gaggawar masu su.

In an gama da waɗannan, a zaɓi tauraro mai matsakaicin haske da ya yi sama sosai. Ga wanda ke can arewacin duniya, inda tauraron arewa ke yin sama sosai, shi ya fi daɗin aiki, domin kusan ba ya gusawa. A saka gilashin ido mai ƙarfi, wanda lambarsa ta yi daidai da awon na'urar ko ta gaza shi, misali mai milimita 5 a na'urar f/5. A ajiye tauraron a tsakiyar fili daidai, saboda farabola ma a gefen fili takan yi wa taurari ɗan wutsiya, kuma wannan halinta ne, ba lahani ba. Daga nan a murɗa saiti ciki kaɗan. Ɗigon zai buɗe ya zama faifai mai zobba huɗu ko biyar, da baƙin tabo a tsakiya, inuwar ƙaramin madubi ke nan. A riƙe siffar nan a zuciya, a murɗa waje da daidai nisan da aka shiga, a sake dubawa.

Madubi mai inganci yana nuna hoto kusan iri ɗaya ciki da waje. Idan a ciki zoben ƙarshe ya fito da haske da kaifi kuma baƙin tabon ya yi girma, a waje kuwa gefen faifan ya yi hazo-hazo tabon ya ƙanƙance, to lokon bai kai farabola ba, kuma haka madubin ƙwallo ke tona kansa. Idan aka ga akasin haka, an zarce wajen zurfafawa. Faifai mai siffar ƙwai, wanda ke kwance a ciki ya miƙe tsaye a waje, alama ce ta karkacewar fuska, amma mai kallo ya juya kansa tukuna, domin idan siffar ta bi juyin kan, lahanin a idonsa yake. Gefen da ya yi gashi-gashi a ciki kaɗai yana nuna cewa bakin madubin ya zube wajen gogewa. Wannan gwaji yana da tsananin gani, har ƙaramin bambancin da ba zai hana kallo ba yakan fito da shi, saboda haka ɗan saɓani ba abin tayar da hankali ba ne. Na'urar da ke nuna ɗamarun duniyar Mushtari (Jupiter) a fili, da siririn baƙin layin da ya raba zobban duniyar Zuhal (Saturn), ta isa.

Game da fuskar madubin, shafin alminiyom ne siriri a saman gilashi. Kada a haska ta da tocila a firgita, domin ko sabon madubi a haka yakan yi kama da mai datti, ƙura kaɗan kuwa ba ta rage komai, gogewa da tsumma ita ce ke yin ɓarna. In ana son sanin ko shafin ya tsufa, a haska ta baya a ga yawan hasken da ke ratsowa.

Saura siffa ɗaya da ke tsorata masu koyo: faifan tauraro ya fito da kusurwa uku. Yawanci maƙalai ukun da ke riƙe da babban madubi ne aka ɗaure tamau har suka lanƙwasa gilashin. A ciro mazaunin madubin a hankali, a sassauta kowane maƙali har takarda ta iya wucewa tsakaninsa da fuskar gilashi, a mayar, a sake daidaita maduban, sannan a maimaita gwajin a wani daren da iska ta kwanta.