Tseren rali a hanyar burji: kurakuran da ke cinye kuɗin sabon shiga

Akwai wata jar Golf 3 da ta yi kusan shekara biyu a ajiye a bakin wani gareji can wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Tawa ce. Na saye ta da niyyar shiga tseren mota, na ƙarar da abin hannuna wajen yi mata kwalliya, na fita da ita sau uku, a na ukun aka ɗauro mata igiya aka dawo da ita gari. Mafi yawan kurakuran da zan zayyano a nan ba labarinsu na ji ba, da aljihuna na biya kuɗin makarantarsu.

Bari mu fara daidaita magana a kan abin da ake ce wa rali, don nan ne kuskuren farko yake. Yawancin matasanmu sun ɗauka shi ne wasan motar da ake yi ranar ɗaurin aure ko bayan hawan sallah, a ja birkin hannu, mota ta yi juyi, ƙura ta tashi, yara su yi ihu. Wannan wasa da rai ne kawai, naka da na mai tallar gyaɗar da ke tsaye a gefe. A rali ba a jera motoci a sake su gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, da ratar minti ɗaya ko biyu, a kan hanyar da aka rufe, kowa da agogo yake takara. Mutum biyu ne a cikin motar, direba da mai karanta masa hanya. In an gama zango, aka hau titin jama'a za a tafi zango na gaba, dokar hanya ta hau kanka kamar kowane direba. Wanda ya shigo da tunanin burge 'yan kallo ba ya kai ƙarshen zangon farko.

Gyaran wannan ba kuɗi yake ci ba, zirga-zirga yake ci. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku nemi hanyar burji da ba a cika bi ba, ku je wurin mai unguwa da dagaci da kanku, ku sanar da 'yan sanda, ku sa mutum da tuta da waya a kowace mahaɗa da kowace burtali. Kada ku sa rana ta faɗo ranar kasuwar wani ƙauye na kusa. Ku bari sai an kawar da amfanin gona, don motar da ta kauce ta faɗa cikin geron mutane ta jawo shari'ar da ta fi kuɗin motar. Sannan kowa ya san halin da wasu dazuzzukan jihar nan ke ciki, ba kowace hanya ake shiga ba, komai kyanta. Su kuma 'yan kallo, kada a bar kowa ya tsaya a bayan kwana, inda mota ke zamewa ta nufa. Turawa ma sai da suka ji jiki suka koyi wannan: a 1986 mota ta kutsa cikin 'yan kallo a ralin Fotugal ta kashe mutane, bayan 'yan makonni direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka ƙone a tsibirin Kosika, daga nan aka soke ajin motocin da ake kira Group B baki ɗaya.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya kwantar da ni, kuma a kansa zan fi daɗewa: ƙarar da kuɗi wajen sayen motar.

Mu Katsinawa bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba, mun tashi mun ga Filin Polo. Tambayi duk wanda ya taɓa riƙe doki, zai ce maka kuɗin sayensa shi ne mafi sauƙi. Dawa, harawa, kanwa, magani, ɗan barga, su ne ke sa mutum ya sayar da doki yana hawaye. Motar tsere doki ce mai cin ƙarfe. Duk fitar da ka yi, ko ba ka daki komai ba, ka ci taya, ka ci birki, ka gajiyar da shokozoba, ka sassauta bushin, ka ƙona man da ya ninka na tafiyar lalama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko zagayen gwaji sai mutum ya yi lissafi. Ni abin da nake gaya wa ƙannena yanzu shi ne, duk abin da ka tara, ka raba shi uku. Kaso ɗaya mota, kaso ɗaya kayan kare rai da gyaran ƙasanta, kaso ɗaya ka ɓoye don mai da taya da ranar da za ta lalace. In kason farko bai isa sayen motar da kake so ba, ba kason ne ya yi kaɗan ba, motar ce ta fi ƙarfinka.

Wace mota ke nan? Ƙarama, mai giyar hannu, mai jan gaba, wadda kowane bakanike ya san cikinta, wadda in hannun tayarta ya karye yau za ka same shi a cikin gari kafin la'asar, in ya yi nisa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna. Tsohuwar Golf ko ƙaramar Peugeot sun wadatar. Samari na raina wannan shawara, idonsu na kan Subaru da Mitsubishi masu jan ƙafa huɗu da suke gani a YouTube. Ka saya, to, ranar da giyabos ɗinta ya tashi aiki sai ka jira wata uku ana neman na gwanjo da kuɗin dala. Mota mai ƙarfi kuma tana ɓoye wa sabon direba kurakuransa har zuwa ranar da za ta nuna masa su gaba ɗaya a gindin bishiyar kuka. Mara ƙarfi ita ke koya maka riƙe gudu a kwana, domin in ka zubar da shi ba ta da ƙarfin mayar maka.

Ko a tarihin wasan ba ƙarfi kaɗai ke ci ba. Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda iyayenmu suka yi haya da ita tsakanin Katsina da Kano, ta lashe Safari Rally na Kenya a 1975, saboda tana jure duka. A ralin Bandama na ƙasar Kwaddibuwa, a 1972, babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshe. Shi kuwa Sébastien Loeb na Faransa, da ya ci kambun duniya sau tara a jere daga 2004 zuwa 2012, koyon aikin lantarki yake yi lokacin da ya fara, kuma da ƙaramar Peugeot 106 ya fara.

Kuskure na uku ɗan'uwan na biyu ne: fara gyara daga inji. Abin da na yi ke nan. Na sa aka huda salansa don ta riƙa ruri, na canja sitiyari, na manna sitika har a gilashin baya. Ranar fita ta uku, a wata hanyar jan ƙasa ta gabas da gari, na haura wani ɗan tudu ina cikin giya uku, motar ta sauka da ciki a kan dutsen da bai fi tulu girma ba. Na ji ƙara ɗaya, kwas, na ce ba komai, na ci gaba da taka totur. Jar fitilar mai ta kama, ban gan ta ba saboda ƙura da murna. Ban yi kilomita ɗaya ba inji ya buga. Da muka waiwaya, ga baƙin mai ya ja layi a ƙasa tun daga dutsen kamar an zuba da buta. Farantin ƙarfe mai kauri da ake ɗaurewa a ƙarƙashin inji, wanda kuɗinsa bai kai na sitikun da salansar ba, shi ne zai ceci injin.

Tsarin da ya dace daga ƙasa yake farawa. Farantin kare tukunyar mai da tankin fetur. Bututun birki da na mai a ɗaga su daga inda dutse zai same su. Shokozoba masu kyau, don hanya mai gargada tana dafa su har su daina aiki. Man birki sabo, domin tsoho yana shan danshi, in ya yi zafi ya tafasa sai ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Batir a ɗaure shi da ƙarfe, ba da tsumma ko robar tayar keke ba. Matatar iska a duba ta bayan kowace fita, musamman da hunturu, ƙurar nan tamu tana cin inji kamar gara. Inji kuwa, in yana da lafiya, ka ƙyale shi yadda kamfani ya yi shi har sai ka shekara kana tuƙi.

Sai maganar kejin ƙarfe, wanda ake ginawa a cikin mota don in ta kife rufin kada ya danne mutum. A nan araha ke kisa. Na kai motar wurin wani mai walda, dattijo, da bututun ruwa da na sayo, na nuna masa hoto a waya. Ya ɗaga bututun, ya nuna mini ɗinkin da ya bi tsawonsa, ya ce, "Ɗana, wannan na famfo ne. Mi kake so in yi maka da shi, keji ko makara?" Na ce ai ƙarfe ƙarfe ne, Baba. Ya sa ɗaya a bakin maƙera ya danna, ya lanƙwashe ya tsage a kan ɗinkin. Ya ce in tafi in nemo mara ɗinki, in ba haka ba in kai wani wurin. Na fita ina jin haushinsa, yau kuwa ina yi masa addu'a. Keji yana son bututun ƙarfe mara ɗinki, da faranti a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta huda ƙasan motar, da walda da ta zagaye kowace mahaɗa. Kuma keji ba ya tafiya shi kaɗai. In ka sa shi ba ka sa kujera mai riƙe jiki da bel mai kafaɗu biyu da hular kwano ba, ka kawo ƙarfe ne kusa da kanka, shi zai fasa maka kai. Ko a sa su duka, ko a bar motar yadda take a rage gudu. A ɗaure tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai kana zaune.

Taya ba sai na ja ba. Kada ka sayi ta gwanjo ba ka duba lambobi huɗun da ke gefenta ba: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko zanenta na nan, robar ta bushe. A yashi a rage iska kaɗan, a kan duwatsu a mayar.

Akwai kuskuren da girman kai ke jawowa, wato raina kujerar gefe. Kowa so yake ya riƙe sitiyari. Alhali mai karanta hanya shi ne idon direba. Kafin tsere ana bin hanyar a hankali a rubuta kowace kwana da lamba. A tsarin da aka fi amfani da shi, ɗaya kwana ce mai tsanani, shida kuwa kusan miƙe take. Mu da Hausa muke rubuta namu, kuma ya fi saurin shiga kunne: "dama huɗu, ɗari, tudu, hagu biyu, kada ka yanke, rami a ciki." Wanda ya zauna a kujerar nan shekara guda ya koyi karatun ƙasa, ya san inda ake birki da inda ake saki, bai sayi taya ko ɗaya ba. In ma babu wanda zai ɗauke ka, riƙe tuta, riƙe agogo, bi bakanike da akwatin sifana. Hanya mafi araha ta shiga wasan nan ita ce shiga ba tare da mota ba. Bayanta sai haɗin gwiwa: mutum biyu ko uku mota ɗaya, ana karɓa-karɓa. Amma ku rubuta a takarda tun ranar farko wanda zai biya in ta lalace a hannunsa, da shaidu. Na ga abota tun ta firamare ta mutu a kan kuɗin lagireto.

Na ƙarshe shi ne mafarkin mai ɗaukar nauyi. Yaro bai taɓa kammala zango ɗaya ba, ya buga takarda yana yawo ofis-ofis wai a ɗauki nauyinsa zuwa Dakar, babbar gasar nan ta tseren mota a hamada, don ya ji manya na labarin lokacin da motocin ke ratsa Agadas. Gasar ma ta bar Afirka tun 2009, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta, kuɗinta ba na mai albashi ba ne. Taimakon da za ka iya samu yana kusa da kai, kuma ba kuɗi ne a hannu ba: mai sayar da taya ya rage maka, mai gidan mai ya cika maka tanki, bakanike ya yafe kuɗin aiki, kai kuma ka rubuta sunansu a ƙofar mota ka sa su a bidiyon da kake ɗorawa. In ka kai matsayin shiga gasa ta hukuma, lasisin tuƙi na yau da kullum bai isa ba, akwai lasisin gasa, kuma ƙungiyar da ke wakiltar hukumar tseren motoci ta duniya, wato FIA, a Najeriya ita ce Automobile and Touring Club of Nigeria. Ka kuma sani inshorar da ke cikin takardun motarka ba ta san da tsere ba. Abin da ya fashe, kai ne. Saboda haka motar da ake kai yara makaranta da ita, da kuɗin cefane, da jarin shago, ba sa shiga wannan lissafi ko da wasa.

Golf ɗin ta tashi bara, da injin gwanjo da faranti a ƙasanta. Mu uku ne yanzu a kanta, ni da wani ƙanen matata da bakaniken da ta kwana a garejinsa. Salansar mun toshe hujin. Wannan kakar ni ne a kujerar gefe da littafi da biro, sitiyari sai an kawar da wake.