Kare yakan ce "ƙyale ni" kafin ya yi cizo: kurakuran da muka fi yi

"Wallahi Malam, ba gaira ba dalili ya cije shi." Abin da maƙwabcina ya yi ta maimaitawa ke nan ranar da karensa ya kama hannun ɗan ƙanwata, a unguwarmu Garin Malam. Ina wurin, a kan tabarma muna shan shayi, kuma a idona aka yi komai. Sai daga baya na gane akwai dalili, mu ne ba mu iya karatunsa ba.

Watan Afrilu ne, bayan azahar, irin zafin Damagaram da ke haura digiri 40. Duna, baƙin karen gadi, ya tona rami a gindin randa inda ƙasa ke da damshi ya kwanta. Yaron, ɗan shekara 6, ya tsuguna yana shafa masa kai. Duna ya kau da fuska. Yaron ya zagayo. Duna ya lashi hancinsa, ya yi hamma, ya tashi ya koma iyakar inda sarƙarsa ta kai. Yaron ya bi shi. Nan ya yi gurnani, mai gidan ya daka masa tsawa, "Kai Duna!", ya yi tsit. Yaron ya ɗauka an shirya, ya rungume masa wuya. Sai ihu muka ji.

Babban kuskurenmu shi ne jiran haushi ko gurnani kafin mu san kare ya gaji. Alhali gurnani kusan ƙarshen magana ne. Kafin shi akwai ƙanana: kau da kai, lasar hanci ko leɓe ba abinci a kusa, hamma ba barci ba, kwantar da kunnuwa baya, kallo ta wutsiyar ido har farin idon ya bayyana, cusa bindi tsakanin ƙafafu. Wanda ya fi kowanne sauƙin ganewa shi ne tashi ya bar maka wurin. Idan kare ya tashi ya tafi, ya gama magana, kada kowa ya bi shi. In kuwa ka ga ya sandare, baki a rufe, ko numfashinsa ba ka ji, gashin bayansa ya miƙe, to tura ta kai bango. Janye hannunka a hankali ka ja baya.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada, kuma masu karnuka ne suka fi yin sa: duka ko tsawa don kare ya yi gurnani. Mai gida yana ganin tarbiyya yake yi, kada kare ya raina mutane. Amma duba abin da karen ya koya. Tsoron da ke cikinsa yana nan, yaron da ke damunsa yana nan, abu ɗaya ne ya sauya: ya gane cewa in ya yi gargaɗi sanda ce za ta biyo baya. Gobe sai ya tsallake gargaɗin ya wuce kai tsaye ga haƙori. Irin karen nan ne ake cewa "mugu ne, ba ya haushi sai cizo", ba a tambayar wa ya hana shi haushin. Ni a ganina karen da ke gurnani ya fi aminci a gida mai yara fiye da wanda aka daka har ya yi shiru. In ka ji gurnani, ka ɗauke yaron tukuna, sannan ka nemi abin da ya jawo: ƙashi ne a gabansa, ciwo ne a ƙafarsa, ko an takura shi a lungu?

Sai batun bindi. Kowa ya ɗauka in kare na kaɗa bindi murna yake yi. Ba kullum ba. Na murna, jikin duka ke rawa, har ƙugu. Bindin da ya miƙe sama ƙyam yana kaɗawa kaɗan-kaɗan da sauri, jiki a ɗaure, wannan shirin faɗa ne. Haka wanda ya kwanta rigingine yana nuna ciki: in kunnuwa a baya suke, baki a rufe, roƙo yake a bar shi, ba susa yake nema ba. Runguma kuma al'adar mutane ce. Karnuka da yawa jure ta kawai suke yi, kuma fuskar yaro tana dab da haƙoransu.

Akwai lokutan da ba sai an tsaya karanta alama ba. Kare mai cin abinci, mai barci, marar lafiya, tsoho, da karya mai jego, duk a ba su wuri. Babban kare yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a yini, kuma wanda ya kwana yana zagaye gida dole da rana zai rama, daidai lokacin da yara suka taso daga makaranta suna neman abin wasa. Ga zafi: kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, shi ya sa a bazara yake manne wa gindin randa ko ƙarƙashin mota. Karya kuwa bayan cikin kwana 63 ko kusa da haka takan nemi kango ko bayan tarin bulo ta haihu, ƴaƴan ba sa buɗe ido sai wajen mako biyu. A wannan tsakanin ko mai ita tana iya yi wa gurnani, balle yaran unguwa da suka zo satar kwikwiyo.

Sarƙa ma tana da nata laifin. Karen da ke sake in an dame shi sai ya gudu. Wanda ke ɗaure a tsakar gida, kan hanyar kowa, ba shi da mafita sai bakinsa. In dole ne a ɗaure, a yi masa ƴar rumfa a gefe mai inuwa da ruwan sha, a kuma kafa doka cewa in ya shiga nan babu mai taɓa shi, ko baƙo ko ɗan gida. Kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai sabo.

A kan hanya kuskurenmu uku ne: gudu, ƙura ido, da jifa. Gudu yana tayar masa da halin farauta, kuma ba za ka tsere masa ba. Ka tsaya cik, ka ba shi gefe, hannuwa a jiki, ido a ƙasa, har ya shinshina ya wuce. Dabarar nan ta sunkuyawa kamar za ka ɗauki dutse tana korar karen da ke nesa a fili, ban musa ba. Amma a ƙuntataccen lungu irin na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, inda ba shi da hanyar wucewa sai ta kanka, neman rigima ne. Matsa ka ba shi hanya. Karnukan makiyaya kuma, musamman dogayen siraran nan na Buzaye da ake kira Azawak, an san su da rashin sakin jiki da baƙo. In ka doshi garke ko zango, ka tsaya nesa ka yi sallama, mai su ya fito. Jifan da yara ke yi don nishaɗi kuwa, manya ne ke kallo suna dariya. Mu da muka tashi da hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai dace mu zuba ido ba. Karen da aka saba jifa, duk yaron da ya gani abokin gaba ne.

Wani kare kuma nisantarsa ba don girmamawa ba ce, don tsira da rai ce. In ka ga wanda ka sani ya sauya hali, yana dalalar da miyau, yana tangaɗi, yana cizon duk abin da ya tarar, ko ya yi laushi ya ɓuya a duhu, kada ka kai hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Amma allura tana hana shi in an yi da wuri, tun 1885 da Louis Pasteur ya fara gwada ta a Faransa. In an yi cizo, a bar toka da barkono da ɗora gashin karen a kan ciwo. A wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti a ranar, ko da ƙarzuna ce kawai. Kada kuma a yi gaggawar kashe karen ko kai shi daji. A killace shi kwana 10 a sa masa ido, a sanar da likitan dabbobi, kuma kada a jinkirta allurar yaron ana jiran a ga abin da zai faru.

Haka muka yi da Duna, ya cika kwana 10 ɗin lafiya lau. Maƙwabcina ya so ya rabu da shi, da ƙyar na lallashe shi ya kai shi aka yi masa allurar rigakafi, ya kafa masa rumfa bayan ɗakin girki. Yaron kuma na koya masa abu ɗaya: ya tsaya nesa ya kira, in Duna ya zo da kansa ya shafa masa ƙirji kaɗan ya dakata, in bai zo ba shi ke nan. Shekaranjiya na ga ya tsaya bakin rumfar yana kira. Duna ya ɗaga kai, ya dube shi, ya mayar da haɓarsa kan ƙafafunsa. Yaron ya juyo ya ce, "Kawu, yau ba ya so," ya ɗauki ƙwallonsa ya fita waje.