Yadda ake magance zafin amfilifaya mai ɗauke sauti idan an ƙure murya

Amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sifika ƙarfin sauti, wadda ke ɗauke sauti bayan an ƙure mata murya ba lallai ne ta lalace ba. Galibinsu suna da na'urar kariya a ciki, wadda ke katse hanyar sifika da zarar zafi ya wuce kima ko wutar da ake ja ta yi yawa. Ita ce ke yin ƙaran nan "ƙas" kafin a ji shiru. Abin nema shi ne dalilin da ya kai ta ga haka.

Da farko, lura da lokacin da take ɗaukewa. In sai ta jima tana aiki sannan ta yanke, ta kuma dawo bayan ta huce, zafi ne. In kuwa nan take take yankewa duk sanda bes, wato kakkauran sauti, ya buga da ƙarfi, ko da ba ta yi zafi ba, to ka zargi waya ko nauyin wutar da sifika ke ja.

Sai ka duba iska. Amfilifayar ajin AB, wato nau'in ƙirar da ta daɗe tana cikin gidaje, ko a lissafi ba ta iya mayar da fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na wutar da take sha zuwa ga sifika, a aikace ma ba ta kai haka. Ragowar zafi yake zama, kuma dole ya sami hanyar fita. Fitar da ita daga rufaffen kabad, kada ka ɗora komai a kanta, ka bar mata aƙalla santimita 10 ta sama. Kada ka ajiye ta kan kafet, domin ta ramukan ƙasa iska mai sanyi ke shiga. Cire filogi ka share ƙurar ramukan da buroshi mai laushi.

Tun da ka cire filogin, leƙa baya. Silin tagulla ɗaya tak da ya kuɓuce daga jan maɗauri ya taɓa baƙin ya isa ya sa ta yankewa. Murɗe bakin wayar sosai ka sake ɗaurewa, a jikin amfilifaya da jikin sifika.

Yanzu batun om, ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, inda mutane da yawa ke cutar da kayansu ba su sani ba. A bayan sifika za ka ga an rubuta om 8, ko 6, ko 4, a bayan amfilifaya kuma an rubuta mafi ƙarancin da za ta iya ɗauka. Iya ƙarancin om, iya yawan wutar da sifika ke ja. In ka haɗa sifika biyu masu om 8 a maɗauri guda, sun koma om 4. Masu om 4 biyu kuwa sun koma 2, nauyin da amfilifayoyin gida kaɗan ne ke jure masa. Haka abin yake a yawancinsu idan ka danna maɓallan jerin sifika na A da na B tare. Cire jeri ɗaya ka gwada. In ta daina yankewa, ka gano matsalar.

Daga nan sai ka dubi hannunka a kan maɓallin murya. Ninka wat (ƙarfin wuta) sau biyu desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ƙara bes da desibel 6 na nufin ninka wutar wannan sashen sau huɗu, saboda haka ka mayar da maɓallin bes tsakiya. Da ka ji sauti ya fara kaushi yana shaƙewa, ta kai maƙura, ka rage nan da nan, don wannan kaushin yana ƙona ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti. A ganina, in ɗakin ya fi ƙarfinta, gara ka nemi sifika mai ba da ƙara sosai da wuta kaɗan: mai desibel 90 rabin wutar mai 87 take buƙata ta ba da ƙara iri ɗaya. 'Yar fanka a sama tana jan iska mai zafi ma tana taimakawa, amma ba ta gyara kuskuren om.

In duk ka yi waɗannan ba ta daina ba, ko gefe ɗaya ya fi ɗayan zafi, ko tana zafi sosai alhali ba a kunna komai ba kuma ba 'yar ajin A ba ce, wadda dama da zafi take aiki, kai ta wurin mai gyara. Mai yiwuwa man da ke tsakanin transista, ɗan abin da ke ƙara ƙarfin sautin, da ƙarfen shan zafi ya bushe, ko saitin wutar transistocin ya goce. Kada ka buɗe ta da kanka, manyan kafasita, wato ma'ajiyar wuta da ke ciki, suna riƙe wuta bayan an kashe. Kuma kada ka yarda a cire na'urar kariya ko a sa fis da ya fi na asali girma, domin transistoci da sifika ne za su ƙone a madadinsu.