Yadda Ake Gano Lokacin da Ƙarfe Mai Miƙewa Zai Gaza a Ƙarƙashin Matsin Zamewa

Ƙarfe mai miƙewa, irin su alminiyam, jan ƙarfe da ƙarfen da bai da yawan kabon, ba ya ɓallewa farat ɗaya. Sassan cikinsa ne ke fara zamewa a kan juna, sai ya lanƙwashe ya ƙi komawa yadda yake. Ja sandarsa a injin gwaji, za ka ga layukan zamewar sun karkata wajen digiri 45, domin a nan matsin zamewa ya fi tsanani. A kan wannan injiniyan Faransa Henri Tresca ya gina ƙa'idarsa a 1864.

Fara da tabbatar da cewa ƙarfen mai miƙewa ne. Galibi ana ɗaukar wanda ke ƙara tsayi fiye da kashi 5 cikin ɗari kafin ya tsinke. Ƙarfen zubi mai saurin tsagewa ba ya cikin wannan lissafi sam.

Daga nan nemo iyakar jurewarsa, wato Sy (matsin ja da ke sa ya fara lanƙwasar da ba ta komawa), a takardar bayanan kayan. Rabinta ita ce iyakar zamewa. Sai ka fitar da manyan matsi uku (na ja ko danna, ta fuskoki ukun da babu zamewa a kansu) a wurin da ya fi shan wahala, ka cire ƙaraminsu daga babbansu, ka raba biyu: wannan ne matsin zamewa mafi girma, kuma idan ya kai iyakar zamewa, ƙarfen zai gaza. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe: a saman ƙarfen, matsi na uku sifili ne, kuma idan sauran biyun duk na ja ne, shi ne ƙarami. Wanda ya manta da shi zai samu amsa mai daɗin ji, amma ta ƙarya.

Ga misali. Sandar juyi mai kauri milimita 30, ƙarfin murɗa 300 N·m (newton-mita). Da τ = 16T/πd³, inda T ke nufin ƙarfin murɗa, d kuma kaurin sandar, matsin zamewa (τ) ya kai kusan 57 MPa (megapascal, ma'aunin matsi). Idan Sy 250 MPa ce, iyaka 125 ke nan. Raba 125 da 57, tazarar kariya ta zama kusan 2.2.

Ƙa'idar wani masani, von Mises, ta 1913 ta sa iyakar a 0.577 na Sy, don haka za ta ba ka wajen 2.5. Ita ta fi dacewa da sakamakon gwaji, amma ni na fi sakin jiki da Tresca idan ba ni da tabbacin nauyin da injin zai ɗauka. Ratar kashi 15 ɗin nan ba asara ba ce.

Duk wannan na nauyi ne mai zama daram. Sandar da nauyi ke hawa yana sauka a kanta dubban sau, sai an yi mata lissafin gajiyar ƙarfe daban, musamman a ramin makulli da kafaɗar da kauri ke canzawa.