Yadda ake amfani da tDCS ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa maganarsa

tDCS hanya ce ta tura ɗan ƙaramin lantarki zuwa ƙwaƙwalwa ta fatar kai, ta hanyar soso biyu da aka haɗa da na'ura. Aikin likita ne, kuma har yanzu ana bincike a kansa. A fara tantancewa: mai farfaɗiya, ko mai ƙarfe a kai, ko mai na'urar bugun zuciya, a dakata.

A jiƙa soso biyu, kowanne faɗinsa santimita 5, tsawonsa 7, da ruwan gishiri na asibiti. A ɗora na anod, wato mai alamar +, a gefen hagu na gaban kai, wajen yankin Broca, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da furta magana. Ɗayan saman girar dama. A ɗaga lantarkin sannu a hankali cikin daƙiƙa 30 zuwa miliampiya 1 ko 2, na minti 20, majiyyaci yana atisayen faɗin sunayen hotuna. Ba atisaye, amfanin kaɗan ne.

Busasshen soso yana ƙona fata. Ruwa in ya yi yawa, lantarkin sai ya bi fata maimakon ƙwaƙwalwa.